Koyar da Dabarun Bincike ga Ɗaliban Kasuwanci: Ta Ina Za a Faɗaɗa?

Wata malama da ke koyarwa a sashen nazarin kasuwanci da gudanarwa na ɗaya daga cikin jami'o'in arewacin Kamaru ta aiko da tambaya. An ɗora mata darasin dabarun bincike na 'yan mastar. Ta shiga ɗakin karatu ta duba memuwar ɗin shekarun baya, wato kundayen kammala karatu, ta tarar kamar mutum ɗaya ne ya rubuta su: takardar tambayoyi, lissafi da manhajar ƙididdiga ta SPSS, hasashe uku, kuma dukkansu sun tabbata. Tana so ta san yadda za ta faɗaɗa darasin ba tare da ta jefa ɗalibanta cikin matsala ranar kare kundi ba.

Malama, sannu da aiki, Allah ya dafa miki. Abin da kika gani ba na sashenku kaɗai ba ne, kuma ba lalacin ɗalibai ne ya haife shi ba. An kafa Jami'ar Ngaundere a 1993, ta Marwa a 2008, ta Garwa a 2022. Ɗalibai na ta ƙaruwa, masu duba kundi ba su ƙaru daidai da su ba, ga shi ɗan mastar ba ya fita sai da memuwar. Malamin da ke riƙe da kundaye masu yawa a lokaci guda, dole hanyar da ta fi saurin dubawa ita zai fi so. Haka hanya ɗaya ta zauna, har aka manta akwai wasu.

Ni ban ga laifin takardar tambayoyi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne ana damƙa wa ɗalibi ita tun bai san me yake son sani ba, kuma an ƙera ta ne don wani irin kamfani: mai rajista, mai littafin lissafi, mai manaja da ke karanta Faransanci kuma ba ya jin ɗar wajen faɗin ribarsa. Irin wannan kamfani nawa ne tsakanin Ngaundere da Kusseri? Binciken ayyukan yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta gudanar a 2010 ya nuna kusan mutum 90 cikin 100 na masu aiki a Kamaru suna cikin sana'o'in da ba su bi tsarin rajista da lissafin hukuma ba. Ita kanta dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da Kamaru da wasu ƙasashen Afirka ke bi, ta sallama da haka, shi ya sa a 2010 ta ware wa ƙaramin ɗan kasuwa matsayi na daban, kuma tsarinta na lissafi ya yarda ƙananan sana'o'i su tsaya ga rubuta shigar kuɗi da fitarsu. Doka ta matso kusa da kasuwa, mu a aji muna nan inda muke.

Ki ɗauki ɗalibin da ya tsaya gaban wani Alhaji mai hatsi a babbar kasuwar Garwa, takarda a hannu. Tambayar na cewa, da Faransanci, dabarun kamfaninmu sun dace da manufofinsa na dogon zango, a zaɓi ɗaya cikin biyar, daga "ban yarda ba sam" zuwa "na yarda ƙwarai". Yaro ya juya ta zuwa Fulatanci nan take a tsaye, yadda ta zo masa. Alhaji ya dube shi, ya dubi takardar, zuciyarsa na raya masa ko mutanen haraji ne suka turo, ya ce, "To, Alhamdu lillahi, mun gode Allah." Yaro ya sa alama a lamba 4. Da aka zo kan cinikin wata, Alhaji ya ce "ana dai taɓawa", sai ga mai saye ya shigo, aka miƙa wa yaron shago takardar ya ƙarasa. Wannan lamba 4 ita ce za ta shiga kwamfuta ta fito a tebur a babi na huɗu. Kuma tun da mutanenmu suna da kara, ba sa son musa wa baƙo a gabansa, amsoshin za su karkata wajen "na yarda", su dace da juna, ma'aunin Cronbach, mai auna wannan dacewar, ya fito da kyau, kowa ya yi murna. Rensis Likert ya fito da wannan ma'auni mai hawa biyar a Amurka a 1932, don auna ra'ayin mutanen da ke karanta takardar da kansu cikin harshensu. A wurin Alhaji, ladabinsa ga baƙo aka auna.

Saboda haka darasin farko da nake so ki ƙara ba sabuwar hanya ba ce, koyon aunawa ne. Riba ma kanta yaya ake tambayarta? Suresh de Mel da David McKenzie da Christopher Woodruff sun gwada wannan a kan ƙananan 'yan kasuwa a Siri Lanka, suka wallafa a 2009. Sun gano cewa tambayar mutum kai tsaye nawa ya samu riba a watan jiya ta fi kusa da gaskiya a kan a bi shi dalla-dalla da kuɗin shiga da na kashewa sannan a ɗebe, kuma masu shagunan suna rage abin da suke faɗa na ciniki da kusan kashi 30 cikin 100. Ɗalibin da ya san wannan ba zai ƙara ɗaukar kowace lamba a matsayin nassi ba. A nan wajenmu akwai ƙarin tarko. Wanda ke ƙirga kuɗi da dala, ko da riyal irin na Larabcin kasuwar Kusseri da Njamena, in ya ce ɗari biyu, sefa 1,000 yake nufi, don kowace ɗaya sefa 5 ce. Buhun albasa na wannan kasuwa ba lallai ya zo ɗaya da na waccan ba, koro da tasa da mudu kowane da cikarsa, wani a shafe wani da tozo. Ki sa su ɗauki sikeli su je su auna da hannunsu sau ɗaya. Rabin yini ne, amma ba za su manta ba.

Daga nan sai kallo, kuma a nan zan daɗe, don shi ne aka fi rainawa. Ɗalibai na ganin zama a kasuwa da littafi ba ilimi ba ne. Ki gaya musu cewa Henry Mintzberg, wanda sunansa ke cikin kowane darasin gudanarwa da suka yi, ya gina littafinsa na 1973 kan aikin manaja ne a kan bin shugabannin ma'aikatu biyar, kowane mako guda, yana rubuta abin da suke yi da agogo. Ya tarar rabin ayyukansu ba sa kai minti tara, kuma galibi da baki ake yinsu, saɓanin hoton shugaba mai zama yana tsara shiri da littattafai ke nunawa. Da takarda ya aika musu, da abin da ke cikin littattafan za su maimaita masa. Kusa da gida kuma, Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan cikin Hausawa, ya fitar da littafinsa a 1969, ya nuna yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi ba tare da takarda ba, maigida ne ke tsaya wa baƙonsa mai shanu, sunansa da gidajensa su ne jingina. Wannan darasi ne sukutum kan amana da lamuni da tafiyar da haɗari, kuma da zama da kallo aka samo shi.

Aikin da nake bayarwa shi ne kowane rukuni ya nemi dillali ɗaya ko mai shago ɗaya, ya zauna da shi kwanakin kasuwa uku, ba tambaya ko ɗaya a ranar farko. A raba shafi gida biyu: hagu abin da ido ya gani da kunne ya ji, da lokacinsa, dama abin da ɗalibi ke tsammani. Wannan rabuwar ita ce horon, don za ki ga da farko suna rubuta "dillalin ya cuci manomin" a hagu, sai kin tambaya, me ka gani? A kasuwar albasa ta wajen Marwa, abin da zai gani shi ne manomi ya sauke buhuna ya koma gefe, ba shi ke magana da mai saye ba. An kwance bakin buhu ɗaya an zazzage, a ga ko manya aka jera a sama aka ɓoye ƙanana da ruɓaɓɓu a ƙasa. Mai saye ya taya, dillali ya ce albarka, ya koma ya yi ƙus-ƙus da mai kaya, ya dawo. An sallama, amma kuɗin da aka ƙirga bai cika ba, cikon sai mota ta isa Yawunde ko Duwala a turo ta Orange Money ko MTN. La'ada ta fita, 'yan dako sun karɓi nasu. Daga wannan zama ɗaya tambayoyi na gaske ke fitowa. Wa ke ɗaukar asara in kaya suka ruɓe a hanya? Me ya sa manomi ya yarda da cikon da ba a rubuta ba? Me dillali ke sayarwa in ba sanin mutane ba? Ɗalibin da ya dawo da irin waɗannan, in ya zauna rubuta takardar tambayoyi daga baya, za ta yi ma'ana ga wanda za a yi wa.

Hira kuma sana'a ce da ake koya, ba taɗi ba ne. Ƙa'idar da ta fi yi mini amfani ita ce kada a tambayi mutum "yaya kuke yi", a tambaye shi na ƙarshe da ya yi. Buhun ƙarshe da ka ba da bashi, wa ka ba, yaushe, ya biya? In ka tambayi al'ada, abin da ya kamata za a faɗa maka. In ka tambayi na jiya, sai labari ya fito da ƙurarsa. A naɗi murya in mai magana ya yarda, a rubuta hirar cikin harshen da aka yi ta kafin a juya ta. Ajinki kuwa arziki ne ta wannan fuska: akwai masu Fulatanci, Larabcin Shuwa, Barbarci, Hausa, Tupuri, Mafa, Masa, Mundang. Ki haɗa rukunoni ta yadda harsuna za su gauraya, wani ya juya tambaya daga Faransanci, wani da bai ga asalin ba ya mayar da ita, a kwatanta. Gardamar da za ta tashi a ajin ranar ta fi lacca uku.

Sai dai gargaɗi, don na sha ganin wannan. Da zarar an buɗe ƙofar hira, masu gudun lissafi ke fara rugowa, suna zaton sun sami mafaka. Su yi hira da mutum shida, su jera maganganunsu, su ce sun gama. Kada ki karɓa. Wanda ya zaɓi hira sai ya nuna yadda ya tsamo jigogi daga rubutun, ya nuna wanda maganarsa ta saɓa wa sauran da abin da ya yi da ita, ya faɗi dalilin da ya sa ya tsaya a inda ya tsaya. Faɗaɗawa ba sassautawa ba ce. In ma da hali, kowane ɗalibi ya taɓa duka biyun kafin ya zaɓa.

Akwai kuma lambobin da ke nan a ajiye ba wanda ya tambaye su. Littafin bashin mai shago, wanda aka rubuta da ajami ko da boko, wani suna an soke wani an bar shi, taska ce. In mai shi ya yarda, aka rufe sunaye aka sa lambobi, ɗalibi zai iya fitar da kwana nawa bashi ke yi kafin a biya, wane ne ke samun mai yawa, da yadda biya ke tashi a ƙarshen wata ko bayan an biya manoma kuɗin auduga, ya kwanta gab da Sallah. Haka littattafan ƙungiyoyin manoma da ke hulɗa da SODECOTON, kamfanin audugar da aka kafa a 1974, da na masu adashi, da takardun lodin tasha. Farashi ma haka. Jenny Aker ta yi amfani da farashin hatsi na kasuwannin Nijar ta nuna cewa shigowar wayar salula tsakanin 2001 da 2006 ta rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Ba abin da zai hana ajinki ya fara rubuta farashin masara da albasa da gyaɗa kowane mako a kasuwanni huɗu ko biyar, kowane ɗalibi a garinsu ta waya, 'yan baya su gaji aikin su ci gaba.

Maganar zaɓen waɗanda za a tambaya gajeriya ce amma tana da zafi. Za ki ga lamba 384 a kundaye da yawa a matsayin yawan mutanen da aka tambaya. Lissafinta daidai ne, amma sharaɗinsa a zaɓi mutanen da ƙuri'a daga cikakken jeri. Wanda ya tambayi abokan kawunsa 384 bai cika sharaɗin ba. Tun da jerin babu shi, sai a ƙirƙira: a zana taswirar layi biyu ko uku na kasuwa, a ba kowace rumfa lamba, a jefa ƙuri'a. Mutum 60 da aka zaɓa haka sun fi ɗaruruwan da aka tsinta a hanya. Sannan a tambayi wa taswirar ta bari a waje. Ta bar wanda ya karye ya rufe shago, alhali shi ya fi kowa sanin abin da ke kashe sana'a. Ta bar matan da ke sana'a a cikin gida, masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ɗinki da turaren wuta, waɗanda Polly Hill ta rubuta a kan cinikinsu na ɓoye a ƙasar Katsina tun 1969. Ɗalibanki mata za su shiga inda namiji ba zai wuce zaure ba, ki nuna musu cewa wannan dama ce ta bincike.

Kan dalili da sakamako, nan ne kundayenmu suka fi yin tuntuɓe. A ce waɗanda suka karɓi rance sun fi riba, saboda haka rance ke kawo riba. To ai mai ba da rance ma wanda ya ga alamar zai biya yake ba. Misali ɗaya ya isa ya buɗe musu ido: a Lome ta Togo an raba ƙananan 'yan kasuwa 1,500 gida uku da ƙuri'a, wasu aka koya musu darasin kasuwanci na gargajiya, wasu aka horar da su kan himma da neman mafita da kansu, wasu ba a ba su komai ba. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna ribar rukuni na biyu ta ƙaru da kashi 30 cikin 100 cikin shekara biyu, ta na farko da 11, wanda lissafi bai iya raba shi da dace ba. Ɗalibi ba shi da kuɗin irin wannan, amma zai iya ƙarami: mai shago ya yarda a jefa ƙuri'a kan masu bashinsa, rabi a tura musu saƙon tuni, rabi a bar su, a ga bambanci bayan wata. Wani lokaci kuma duniya ce ke yin gwajin. Ranar 29 ga Mayu 2023 Najeriya ta janye tallafin man fetur, farashin zuwa-zuwa, wato man da ake shigowa da shi daga Najeriya ta bayan fage, ya tashi a Garwa da Marwa. Ana iya kwatanta masu babur ɗin haya na garin da ya dogara da man kan iyaka da na garin da ya fi shan na gidan mai, kafin da bayan. Amma mai yin haka dole ya san Kamaru ma ta ƙara kuɗin litar fetur daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta kai 840 a Fabrairun 2024, in ba haka ba ya jingina wa Najeriya abin da ba nata ba.

Babin falsafar ilimi, wanda kowa ke kwafe shafi uku kan ko gaskiya na nan a waje ana auna ta ko sai ta bakin masu ita ake gane ta, kada ki cire shi, ki dai mayar da shi ƙarshen zango. Wanda ya zauna da dillali ya kuma yi fama da tebur zai fahimce shi cikin awa biyu.

Abu biyu kada ki yi wasa da su. Na ɗaya tsaron yaran: yankunan kan iyaka na Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logone-da-Shari sun sha fama da hare-haren Boko Haram tun 2014, kada maki ya sa wani ya je inda ba a zuwa. Ko a cikin gari, a riƙe takardar jami'a, a fara gaida sarkin kasuwa ko lawan ko jauro kafin a fito da biro. Na biyu amanar wanda ya yi magana. Mai shigo da kaya ta bayan duwan, wato kwastan, in ya saki jiki ya faɗi yadda yake yi, sunansa da rumfarsa ba sa shiga kundi, ko da juri, wato malaman da ake kare kundi a gabansu, ya tambaya. Game da masu cika takardu da kansu a ɗaki kuwa, da masu sa kwamfuta ta ƙago musu hira, maganinsu a nemi ɗanyen kaya: littafin fili, muryoyin da aka naɗa, da fayil ɗin KoboToolbox, manhajar cike takardar tambayoyi a waya, wadda ke aiki ko babu intanet kuma tana riƙe lokacin da aka buɗe kowace takarda da lokacin da aka rufe ta. Wanda ya yi hira da mutum talatin tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya zai yi bayani.

Saura tsoronki na ranar sutunans, wato ranar kare kundi, kuma tsoro ne mai tushe. Ɗalibi na iya yin aiki mai kyau da hira da kallo, wani ɗan juri ya buɗe kundin ya ce ina hasashe, ina tebur, ya zabtare masa maki. Wannan ba a aji ake gyara shi ba, a ofishin shugaban sashe ne, kuma kafin zango ya fara. Ki je da ladabi, kada ki ce hanyar manya ta tsufa. Ki nemi a amince da takardar ba da maki shafi ɗaya da za ta hau kowane irin kundi: tambayar a fili take, hanyar ta dace da ita, an ga yadda aka tattara bayanan, abin da aka kammala bai wuce abin da bayanan suka nuna ba. Ki roƙi a rubuta a ciki cewa hasashen da bai tabbata ba sakamako ne, ba faɗuwa ba. A shekarar farko kada ki tura kowa sabuwar hanya. Ki zaɓi ɗalibai uku ko huɗu masu ƙwazo, su haɗa hira da lambobi a kundi ɗaya don kowane ɗan juri ya sami abin da ya saba gani, kuma ki nemi babban malami ɗaya da ake jin maganarsa ya duba su tare da ke, sunansa ya fito a bangon kundin kusa da naki.